Masu Kallo Shida da Katin Tela

Lokacin da na shiga digiri na biyu a fannin nazarin kafafen yaɗa labarai, shirye-shiryen lafiya na rediyo ne a raina. A asibiti nake aiki, a ɗakin kati, kuma ba ranar da za ta wuce ban ji wata mata ta ce "ai a rediyo aka faɗa" ba. Karatun na ƙarshen mako ne. Litinin zuwa Juma'a ina bayan taga ina miƙa kati, Asabar ina aji, Lahadi wanki da kitson yara. Muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Mulkin farar hula ya shekara goma da 'yan kai da dawowa, gidajen rediyo masu zaman kansu sun yawaita a Kano, kowa ya samu bakin magana, shi ya sa ajinmu ya cika maƙil.

Malamin da aka haɗa ni da shi ya duba kundina dattijo ne mai sanyin murya, bai daɗe da dawowa daga wani taro a ƙasar Suwidin ba. Na miƙa masa takardata, ya karanta kan maganar kawai ya ajiye.

"Rediyo da lafiya," ya ce. "Kowa rediyo da lafiya. Na gaji da karanta su, Malama."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani kwali mai faifai biyar a ciki. Ya ce mutanen can ƙuryar arewacin Turai, Suwidin da Norwe da Danmak, sun shahara da wani irin wasan talabijin na binciken kisan kai, duniya duk ta ɗauka, masana sai rubutu suke a kansa, amma ba wanda ya tambayi yadda Bahaushiya za ta kalle shi. Ya ce in na yi, ni ce ta farko.

Na ce, "Malam, ni ko yarensu ban taɓa ji ba."

"Akwai fassarar Turanci a ƙasan allo. Ki je ki kalla."

Ban yi musu ba. Wanda ya riga ni shiga ofishin ya shekara yana jiran a amince da kan maganarsa, ni kuma ga shi an miƙo mini nawa a kwali.

Wasan kashi goma ne. An tsinci gawar wani mutum a bakin tashar jiragen ruwa ta wani ƙaramin gari da ƙanƙara ta rufe. Ba takarda a jikinsa, ba wanda ya san shi. Wata 'yar sanda mai kimanin shekara hamsin, mai jiki, wadda a tsaye take cin abinci, ita aka ba binciken. Mahaifinta yana gidan kula da tsofaffi, takan je ta zauna kusa da shi su yi shiru. Rabin wasan duk neman sunan mamacin ake yi, sauran rabin kuma neman wanda ya kashe shi.

Babin da ya shafi wasan kansa bai ba ni wuya ba, don masana sun riga sun share hanya. Na rubuta yadda hasken hoton yake fari-fari kamar toka, da yadda ake barin shiru ya yi tsawo har mai kallo ya takura, da manyan tagogi marasa labule, da ƙasar da hukuma ta ɗauke wa mutane kusan komai amma kowa yana cin tuwonsa shi kaɗai. Na rubuta cewa gawar hanya ce kawai ta leƙa abin da ke ƙarƙashin tsabtar. A cikin bazara na yi wannan rubutun, a tabarma, da fanka a tsaye ba wuta, gumi na ɗiga a takarda ina bayanin sanyin da ban taɓa ji ba.

Wahalar tana babin masu kallo. Ra'in da Malam ya zaɓa mini cewa yake masu shirya fim ɗaure saƙo suke yi kamar ƙunshi, mai kallo kuma shi ke kwancewa, kuma ba lallai ya kwance abin da aka ɗaure ba. Masu kallo iri uku ne. Akwai mai karɓar saƙon yadda aka aiko shi, akwai mai karɓar wani ya bar wani, akwai mai ƙin sa gaba ɗaya. Malam da bakinsa ya sauƙaƙa mini: masu haɗiyewa, masu ciniki, masu tofarwa. Ya zana mini gida uku a takarda ya ce in samo mata shida zuwa takwas, su kalla, su yi magana, in ɗauka a rikoda, in sa kowace a gidanta.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin namu, tana zaune a Tarauni, tana da falo mai ɗan faɗi da ƙaramin janareta. Na kai mata kukana. Ta yi tsaki ta ce ni dai ban iya zaɓar abu mai sauƙi ba tun ina yarinya, sannan ta ɗauki waya. Cikin kwana uku ta haɗa mini abokan aikinta biyar, da ita shida. Muka sa Lahadi bayan azahar, kashi ɗaya kowane mako. Ni ke kawo zoɓo da soyayyar gyaɗa.

Ranar farko na jera kujeru, na kunna rikoda, na karanta musu takardar neman yarda da murya irin ta masu ilimi. Kafin 'yar sandar ta gama zagaya gawar, biyu sun yi barci. Daga aikin kwana suka fito, sun je gida sun yi girki, suka zo don kunyar Yaya. Wasan ga shi a hankali yake tafiya, ga sanyin fanka, ga ƙugin janareta. Da na saurari rikodar daga baya, abin da ya fi fitowa shi ne janaretan, sai numfashin wata da ke kusa da tebur.

Duk suna jin Turanci, amma talabijin ɗin ƙarami ne, rubutun yana gudu, idanu kuma sun gaji. A mako na biyu wata ta ce, "Ke Malama, ki riƙa faɗa mana da Hausa mana, mu huta." Sai na koma tafinta. Mutumin Suwidin ya yi magana, wani ya mayar da ita Turanci, ni in mayar da ita Hausa ina tauna gyaɗa. Yaya kuma ta riƙe rimot. Da ta ga namiji da mace sun nufi ɗaki sai ta danna, hoto ya yi ta gudu har sai an ga gari ya waye. Ni ma ina nawa. In aka yi ashar sai in ce "ya zage shi". Akwai inda mahaifin 'yar sandar ya roƙe ta ta mayar da shi gida, ta ce masa ba za ta iya ba, ba ta da lokacinsa. Bakina ya kasa faɗar wannan a gaban mata shida, na ce, "Ta ce ya ƙara haƙuri, za ta duba."

Malam ya saurari wani yanki na rikodar a ofis, yana bin rubutun Turancin da yatsa. Ya tsayar, ya cire tabarau.

"Malama, wannan ba saƙon mutanen Suwidin suke kwancewa ba. Naki ne. Ke ce tashar, yayarki ce hukumar tacewa."

Na ce to yanzu yaya zan yi, mun kai kashi na huɗu.

Ya ce akwai wani ra'i na mai tsaron ƙofa, wanda ke zaɓar abin da zai wuce zuwa ga jama'a da abin da zai tsaya. In ƙara shafi biyu a kansa, in amsa laifina a babin ƙarshe, mu ci gaba. Shi ma da alama ya gaji.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko sun farka, ba abin da nake tambaya suke amsawa ba. In na ce me suka fahimta game da hukuma da talaka a wasan, sai su koma ɗakin ajiye gawa: dubi aljihunan, kowace gawa da nata, dubi yadda likitan ke sauya safar hannu ba ya ko waiwaye. Da aka nuna wani asibiti, ɗaya ta miƙe zaune ta ce, "Wai ina 'yan jinya? Ba mai tabarma a baranda, ba mai fulas?" Ƙaramar cikinsu, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, ta ce ita wallahi a ba ta wannan shirun na wata guda ko ta ji kanta ya sauka. Wata ta ce Allah ya kiyaye, mutum ya kwanta ciwo ba mai ce masa sannu. Suka yi ta yi har la'asar. Na koma gida na buɗe takardar gida uku na zauna ina kallonta. Wadda ta yi sha'awar shirun haɗiyewa ta yi ko ciniki? Ban sani ba. Na sa fensir don in iya gogewa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa runtsawa ba. Ita ce babbarsu, Matiron suke ce mata, ta daɗe tana riƙe da ɗakin gaggawa, saura mata 'yan watanni ta ajiye aiki. Doguwa ce, gwiwoyinta na damunta, don haka a kujerar roba take zama kusa da ƙofa ta miƙe ƙafa. Ba ta cin gyaɗa, ba ta sa baki. In na tambaye ta sai ta ce, "Ina ji, 'yar nan, ci gaba." A takardata gidanta babu komai.

A kashi na shida 'yar sandar ta gano sunan mamacin. Baƙo ne daga wata ƙasa mai nisa, yana aiki a kamfanin kifi. Wani tikitin mota da aka samu a cikin takalminsa shi ta bi, daga direba zuwa mai shago, daga mai shago zuwa ɗakin da yake kwana. Ta ɗauki waya ta kira ƙanwarsa. Ina cikin fassarawa Matiron ta ce, "Tsayar." Yaya ta tsayar. Hoton ya daskare a kan fuskar 'yar sandar da waya a kunne.

"Kwana nawa ta yi tana nemansa?"

Na ce a lissafin wasan kamar mako biyu.

"Ba ta da wani aikin sai shi?"

"Shi kaɗai aka ba ta, Matiron."

Ta gyaɗa kai ta ce a ci gaba.

Lahadin da ta biyo ta riga kowa zuwa. Ina jera kofuna ta kira ni, ta buɗe jakarta, daga cikin wani ƙaramin zif ta zaro kati. Guntun kwali ne kamar tafin hannun yaro, ya yi laushi don daɗewa. An buga hatimin shagon tela a Unguwa Uku, an rubuta lamba da awo da biro, da kalmar "Alhamis", an maƙala ƙyallen yadi mai shuɗin gida-gida a kusurwa.

Ta ce shekara bakwai ke nan. Da damina aka kawo wani mutum ɗakin gaggawa, mota ta buge shi a titin Zariya, masu wucewa suka ɗauko shi. Zai yi shekara arba'in, hannunsa irin na masu aikin ƙarfi. An yi masa duk abin da za a iya. Sau ɗaya ya buɗe ido ya nemi ruwa, kafin magariba ya cika a hannunta. Aljihunsa ba komai. 'Yan sanda sun zo sun rubuta, an yi cigiya a rediyo, an jira iya jira, ba wanda ya zo, aka yi masa sutura aka binne. Bayan kwanaki tana gyara gadon da aka turo shi a kai, ta ga katin ya maƙale a tsagin katifa da busasshen jini a gefensa.

"Na ce ranar hutuna zan je Unguwa Uku in tambaya. Ranar hutun ta zo na kwanta. Na ce wani makon. Kin ga wani makon." Ta juya katin a hannunta. "Daga nan zuwa can ko a ƙafa mutum zai je."

Rikodar ma ban kunna ba.

Ranar Litinin na shiga can cikin ɗakin kati inda muke tara tsofaffin fayil, na nemo na watan da ta faɗa. Na same shi. A gurbin suna an rubuta "ba a sani ba", namiji, babba. Rubutun hannuna ne. Na tsaya ina ƙoƙarin tuna ranar, ko ruwan da aka yi, ko wanda ya zo taga ya karɓi katin. Ban tuna komai ba. Na mayar da fayil ɗin na koma taga, layi ya riga ya kai bakin ƙofa.

Asabar na ƙi zuwa aji. Muka haɗu da Matiron da hantsi muka hau adaidaita sahu zuwa Unguwa Uku. Shagon da hatimin ya nuna ya koma na sayar da caja da murfin waya, mai shi bai taɓa jin labarin wani tela ba. Wani mai kayan masarufi a gefe, dattijo, ya karɓi katin ya nisanta shi da idonsa, ya ce ya san mai wannan, shi ne telan da ke ba mutane kati saboda rigimar ɗinkin salla, ya tashi tuni, a neme shi wajen Ƙauyen Alu. Muka sake hawa. A Ƙauyen Alu muka tambayi tela huɗu kafin na biyar ya nuna mana wani lungu. Matiron na tafiya tana dafa bango, rana ta take, na ce mu koma mu dawo wani lokaci.

"Kada ki ƙara ce mini wani lokaci," ta ce.

Mun same shi a zauren gidansa da keke ɗaya, tsoho siriri da zare a leɓe. Muka gaisa, ya shimfiɗa mana buhu a kan benci. Matiron ta miƙa masa katin.

"Baba, ko ka gane wannan?"

Ya duba gaba, ya duba baya, ya murza ƙyallen da yatsa. "Hannuna ne, Hajiya. A ina kika samo shi?"

Ta faɗa masa, a taƙaice, yadda suke faɗa wa dangi a bakin ɗaki. Ya cire zaren daga bakinsa ya yi salati.

"Kayan makaranta ne," ya ce. "Riga da wando da hijabi, na yarinya 'yar firamare. Da igiya ya kawo mini awon, ya ƙulla ta wuri uku, ya ce matarsa ce ta auna a gida. Na ɗinka na rataye. Alhamis ta wuce, wata ta wuce. Na ce ko ya tafi gida noma ne. Sun fi shekara biyu a rataye, da zan tashi daga shagon na ba 'yar maƙwabcina." Ya kalli Matiron. "Har na yi ta jin haushinsa, Hajiya. Allah ya yafe mini."

Muka tambayi sunansa. Ya ce ɗan dako ne a tashar motar Unguwa Uku, kuma da sunan garinsu ake kiransa, kamar yadda ake kiran rabin 'yan dakon tashar. Garin dai ya tuna, wani ƙauye ne a kan hanyar Ningi. Sunan yanka kuwa bai taɓa tambaya ba.

Daga nan muka koma tasha. Shugaban 'yan dako ya saurare mu da ladabi, ya ce shekara bakwai a wurinsu zamani ne, waɗanda ke nan yanzu yawancinsu ba su kai uku ba, mutum yakan zo da rani ya tafi da damina ba sallama. Ya haɗa mu da wani direba mai bin hanyar, shi kuma ya karɓi lambar Matiron ya ce zai tambaya. Na isa gida bayan la'asar da ciwon kai, na tarar yara sun zubar da garin kwaki a tsakar ɗaki, maigidana yana tambaya yaya aji.

Na ba Malam labarin duka. Ya saurara bai katse ni ba, har ya ce Allah ya jiƙan mutumin. Sannan ya jawo kundina ya buɗe shafin tambayoyin bincike ya juyo mini shi.

"Wace tambaya wannan ya amsa a cikin ukun nan?"

Na duba. Babu.

Ya ce akwai wani ra'in da ya fi dacewa, wanda ba ya tambayar me fim ya yi wa mutane, sai dai me mutane suka yi da fim. In ina so in koma kansa, ƙofa a buɗe take, amma sai na rushe babi na biyu da na uku, na sake neman amincewar sashe, wata shida ko fiye. Ya ce shi zai so hakan. Na san kuma da gaske yake.

Na yi kwana biyu ina tunani, ko in ce ina ƙoƙarin yin tunani tsakanin taga da murhu. Shekarata ta uku ke nan a karatun da aka ce na shekara biyu ne. Na koma na ce masa ba zan iya ba.

"To," ya ce. "Ki sa ta a masu ciniki."

Haka na yi. A kundina Matiron ita ce mai kallo ta shida, kuma abin da aka rubuta a kanta layi huɗu ne: ta nuna sha'awar yadda ake bin diddigin mamaci, tare da kwatanta shi da yanayin aikinta.

Kashi na goma mu huɗu muka kalla, ni da Yaya da Matiron da ƙaramar nan mai son shiru. Sauran an sauya musu lokacin aiki, ɗaya kuma ta haihu. Manajan kamfanin kifin ne ya yi kisan, don mamacin ya yi niyyar tona yadda ake cutar baƙin ma'aikata. Wannan shi ne saƙon da aka ɗaure tun farko, wanda na cika shafi ashirin ina bayani. Yaya ta ce ita tun kashi na uku ta san shi ne, daga yadda yake yawan murmushi. Ta kashe janareta, muka kwashe kofuna.

Ranar kare kundi baƙon malamin da aka gayyato ya tambaye ni me ya sa na tsallake finafinanmu na Hausa na tafi ƙasar ƙanƙara. Na ba da amsar da muka shirya da Malam. Ya ce jerin manazartata ba su bi ƙa'ida ɗaya ba, kuma gefen shafukan ya yi ƙanƙanta. Ya yaba shafuka biyun nan na mai tsaron ƙofa, ya ce gaskiyar da na faɗa a kaina ta burge shi. Ba wanda ya tsaya a kan mai kallo ta shida. Aka ce na ci, da 'yan gyare-gyare.

Bayan wata uku, wata Asabar da yamma ina tsince shinkafa a ƙofar ɗaki, na ji sallama. Matiron ce, ta riga ta ajiye aiki, da leda biyu a hannu. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ce a'a, kujera, in ta zauna ƙasa sai an ɗaga ta. Ta sha ruwa, ta tambayi yara da maigida, sannan ta ce ta je.

Direban ne ya kira ta, ya ce ya yi tambaya, ta zo ta ji da kunnenta. Ta bi motarsa da sassafe. A ƙauyen aka kai ta wurin mai gari, ta yi masa bayani. Ya ce lallai akwai wanda ya tafi cin rani Kano wajen shekarun nan bai dawo ba. Sai wani dattijo a gefe ya ce ai ba ɗaya ba ne. Suka ƙirga a tsakaninsu, mutum uku. Ɗaya an ce an gan shi a kudu, ba tabbas. Biyu ko labari.

Aka kira matan uku zauren mai gari. Ɗaya ta daɗe da zuwa wurin alƙali an raba auren, ta yi wani, ta zo da goyo. Biyu suna zaune da aurensu har yanzu. Matiron ta tambaya wace ce mijinta ya tafi da awon kayan makarantar yarinya a igiya. Biyu suka ce su ne. Dukansu suna da 'ya mace da ta kai shiga makaranta a lokacin, makarantar ƙauyen kuma ɗaya ce, yadin ɗaya ne. Ta kwatanta tsayinsa da kamanninsa iya abin da ta tuna, kowace ta ce kamar shi ne, kamar kuma ba shi ba. Hoto babu, ko na mamacin ko na mazajen.

"Suka zuba mini ido," ta ce. "Kowace tana jira in nuna ta."

"Me kika ce musu, Matiron?"

"Me zan ce? In na ce wa mace mijinki ya rasu, takaba ce, gado ne, marayu ne. In ba shi ba ne fa? Ya shigo gida bayan shekara ya tarar na kashe shi da bakina?" Ta shafa gwiwarta. "Na ce musu wani bawan Allah daga garin nan ya rasu a hannuna, bai wulaƙanta ba, an ba shi ruwa, an yi masa wanka da salla, Musulmi suka binne shi. Ban san ko na wace ce ba. Liman ya yi addu'a, muka shafa gaba ɗaya."

Ta bar katin a hannun mai gari, ko wata rana wani zai dawo a san sauran. Da za ta taho, matan suka bi ta har bakin mota. Ɗaya ta kawo kuka, ɗaya daddawa, mai goyon ta kawo ƙwan zabi a ƙwarya. Ta ce ta ƙi karɓa suka ƙi, har direba ya fara danna ham.

Ta tura mini leda ɗaya da ƙafa. "Ga rabonki. Ke kika ja ni."

Na ce ni ban ja ta ko'ina ba, fim kawai na kunna. Ta ce to, duk ɗaya. Ta tambaya ko an ba ni takardar shaidar, na ce sai an yi taron yaye ɗalibai, ba a sa rana ba tukuna. Ta ce Allah ya sa albarka, ya sa a ƙara mini matsayi da ita. Na ce amin, ko da yake na riga na tambaya a ofis an ce fannin bai shafi aikin kati ba.

Na raka ta bakin titi. Adaidaita uku suka wuce a cike, ta huɗu ta tsaya. Ta ɗaga ƙafar dama da hannu biyu ta sa a ciki, sannan ta jawo ta hagu, ta ce wa direban ya bi a hankali wajen ramukan nan na gaban gidan mai. Na koma gida na tarar kaji sun shiga shinkafar.